Kafin ku shiga ƙauye wayar da kai

'Yan uwa masu fita karkara, ga abin da na koya da wahala. Kada ku sauka daga mota ku fara tara mutane. Ku fara zuwa ƙofar dagaci ko mai unguwa, ku cire takalmi, ku gaisa sosai, sannan ku faɗi abin da ya kawo ku. Daga nan sai gidan liman. In ya gamsu, shi da kansa zai sanar bayan sallar Juma'a, kuma maganarsa ta fi lasifikarku kaiwa nesa.

Na taɓa zuwa wani ƙauye a Jigawa kan karatun 'ya'ya mata ranar Alhamis, ashe duk magidanta sun tafi kasuwar Maigatari. Tsofaffi uku na tarar a gindin darbejiya. Ɗayansu ya miƙo mini ruwa a kwanon sha ya ce, "Ɗana, da ka tambaya ai." Don haka ku binciki ranar kasuwa. Da damina kuwa ku bari sai bayan la'asar, an dawo daga gona.

Ku tafi da mace a tawagarku, don ita kaɗai za ta shiga cikin gida ta zauna da iyaye mata. Hoto kuma, don Allah, sai da izini.