Kurakuran da masu karantar da yara a gida ke tafkawa idan hutu ya zo

Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda Korona, wasunmu ba su sake mayar da yara boko ba, muka mayar da falo aji. Kowace shekara sababbin iyaye na shigowa cikinmu, kuma kowane dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, abin da aka tafka bara shi ake sake tafkawa. Bakina ya gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na rubuta.

Mafi muni shi ne hana yara hutun gaba ɗaya. Na san daga inda abin yake tasowa. Tsoron bakin dangi ne. Uwa na ganin kowa ya zuba mata ido yana jiran ranar da za a ce "ai dama mun faɗa", sai ta ƙudurta cewa yayin da 'ya'yan mutane ke wasa nata za su yi musu fintinkau. Ni wannan lissafin ya ci ni. Shekarar da babban ɗana ya shiga lissafin kashi-kashi, na zaunar da shi duk watan Agusta, yana jin ihun 'yan layinmu suna buga ƙwallo a bayan katanga, ni kuma ina tsaye a kansa da alli. Bai yi mini musu ba, yaro ne mai kunya. Amma da Satumba ta zo, ko littafin lissafi na ɗauko sai ciwon ciki ya tashi. Abin da ya iya a baya ma ya gudu. Sai da hunturu ya shigo kafin ya yarda ya riƙe fensir ba hawaye. Wata guda na so in ci riba, zango guda na yi asara.

Ɗan makaranta yana gane hutu domin an kulle ƙofar makaranta. Naki fa? Inda yake karatu nan yake cin tuwo. Dole ke ki ƙirƙiro masa ƙofar da za a kulle. Ni nakan rubuta ranar farawa da ranar komawa in manna a bango, in kife allon rubutu, in zuba littattafai a akwati in tura ƙarƙashin gado. Wasu na ganin na cika tsanani. Su suka sani. Ko makarantar allo, da duk horonta, tana sallamar yara Alhamis da Juma'a, kuma alarammomi ba don lalaci suka yi hakan ba. Ke ma da kike malama, shugabar makaranta kuma mai girki, hutun nan har da ke.

Sai kishiyarsa, wadda ita ma tana da tsada: sakin hadda. An ce hutu, sai a naɗe har tilawa. A'a. Ƙari ake dakatarwa, ba tishi ba. Na ga yarinyar da ta kai izu biyar, aka tura ta ƙauye wajen Kaka wata guda ba wanda ya saurare ta, ta dawo tana shiga wannan sura tana fita ta waccan. A gidana bayan sallar asuba kowa zai biya abin da ya riga ya haddace, minti goma sha biyar, shi ke nan, a koma barci. Idan za su yi tafiya sai na samu wanda zai riƙa jin su a can, ko da ƙanin babansu ne. Lissafi kuma cefane ya isa: ki ba shi kuɗi da jerin kayan miya, ya dawo ya yi miki bayanin canji.

Yanzu bari in yi faɗa. Hutu lokacin baƙi ne, 'ya'yan 'yan uwa za su zo da sakamakon jarrabawa, wannan ya zo na ɗaya, waccan ta zo ta uku. Nan take sai hankalinki ya tashi, ki ƙwala wa yaro kira: "Zo ka karanta wa Kawu Turanci ya ji!" Haba baiwar Allah! Yaron ya zo gaishe da kawunsa ne ko ya zo kare miki mutunci? In ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya, shi zai kwana da kunyar, ke kuma ki huce a kansa. Ranar da surukata ta tambaye ni, "Wai yaran nan aji nawa suke ne?" cewa na yi, "Hajiya, na wajenki yana littafin aji huɗu, a sa mana albarka." Ta sa, aka wuce wajen. Ki koya wa yaranki gajeriyar amsa irin wannan tun kafin baƙi su iso.

Wanda ya kamata ya yi aiki a hutu ke ce da maigida, kuma aikin takardu ne. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya shekara 9 na karatu, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, don haka ki adana shaidar abin da kuka yi: littattafan aiki, gwaje-gwaje, kwanan wata. Ki duba abin da ke gaba. NECO ce ke shirya jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, waɗanda ba ta hannun makaranta suka shiga ba. JAMB kuwa, mai jarrabawar shiga jami'a, tun 2021 ba ta rajista sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Iyaye da yawa sai lokaci ya ƙure suke fara gudu da yaro zuwa layin katin ɗan ƙasa.

Sauran ƙanana ne. Miƙa wa yaro waya don ki samu barcin rana: ranar komawa za ki biya. Ɗauko malamin lesin a hutu: kin kori aji ta ƙofa kin shigo da shi ta taga. Barin su raba dare: mako guda kafin komawa nake dawo da lokacin kwanciya. Sayen littattafan shekara gaba ɗaya tun Agusta: ni na zango ɗaya nake saye, don ban san inda yaro zai tsaya ba. Dogon hutu kuma a tsakiyar damina yake faɗowa, in za su ƙauye ki sa musu gidan sauro a jaka, kada ki ce akwai a can.