Kurakuran da masu neman asalin gidansu suke ta maimaitawa

Sai ka ga saurayi ya yi takanas ya zo Kaduna, ya shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, ya ce a ba shi littafin ƙidaya zai duba sunan kakansa. A intanet ya gani cewa haka mutanen Amurka da Ingila suke yi. Su kam suna da abin dubawa, don tasu ƙidayar gida-gida aka rubuta ta da sunan kowa. Tamu daban take. Ƙidayar 1911 da 1921 da 1931 a Arewa galibi daga lissafin haraji aka tattaro ta: maza baligai kaza, mata kaza, yara kaza. Abin da aka buga na 1952 da 1963 jimillar mutanen garuruwa ne, ta 1962 da ta 1973 kuwa soke su aka yi. Ko alƙaluman ma kada ka sakankance da su, domin talaka ya san ƙirga haraji ne ke bin bayanta, sai ya ɓoye samarin gidansa.

Abin da zai amfane ka shi ne rahoton da Di'o, wato jami'in mulki na zamanin Turawa, yake rubutawa idan ya zagaya gunduma don yanka haraji. A ciki yakan kawo tarihin gari, jerin dagatai, inda mutanen suka taso, da sana'o'insu. Da wuya ka ga sunan kakanka in ba ya riƙe sarauta ba, amma za ka tabbatar ko da gaske mutanen unguwarku daga Borno suka zo. Sai dai ka nemi fayil da sunan lardi na wancan zamani, ka manta da jihohin yau. Mutumin Haɗeja ko Gumel ko Kazaure, fayilolin Lardin Kano zai duba, don Jigawa sai 1991 ta samu. Katsina ta zauna ƙarƙashin Kano, aka mai da ta ƙarƙashin Zariya a 1926, sai 1934 ta zama lardi mai zaman kansa, saboda haka Bakatsine wuri uku zai leƙa.

Amma kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne a tsallake tsohuwa tana zaune a tsakar gida a tafi neman takarda. Takarda za ta jira ka shekara ashirin, gwaggon babanka ba za ta jira ba. Kullum ana cewa sai an samu hutu, sai bayan salla, har ranar da za a kira ka a ce an tashi da rasuwa. Wallahi ba wani fayil a Kaduna da zai gaya maka wace ce uwar wane a gidan da aka yi mata huɗu, ko wa aka ba wa riƙo, ko wanda ya zo agola. Mata ne suka riƙe wannan. Maza kan ba ka jerin uba da kaka a tsaye, su zubar da ɓangaren uwa gaba ɗaya.

Kuma in ka je, kada ka zauna kamar ɗan sanda da biro kana cewa “faɗi sunan mijinki”. Ba za ta faɗa ba, alkunya ce, haka ma sunan ɗan fari da na suruki. Za ta ce Malam, ko mai gidan nan, ko ta kira jikanta “mai sunan Malam”. To wannan jikan shi ne amsarka: tambayi sunansa na yanka a wajen wani. Ni dai yadda na saba, nakan nemi izini in kunna rikoda ta waya, in ajiye a gefen tabarma, in fara da tambayar bikinta: wa ya yi mata walicci, a ɗakin wa aka sa ta a lalle, wa ya raka ta. Sunaye da kansu suke zubowa. Kada zaman ya wuce awa ɗaya, kuma a koma sau biyu ko uku, don abin da ta manta yau zai faɗo mata cikin dare. Tsofaffi biyu kuwa a ji su daban-daban, in ka haɗa su ƙaramin zai bi bakin babban ne kawai.

Sai masu ɗinke salsala da suna. Mutum ya ga “Muhammadu ɗan Abubakar” a takarda ya ce ga kakansa. Haba! A unguwa ɗaya akwai irinsu goma. Mu ba mu da sunan dangi da ake gada, na biyun sunan uba ne, ko na gari kamar yadda makarantun boko suka riƙa laƙaba wa ɗalibai, ko na mariƙi. Mutum guda kuma yana iya fitowa da suna uku: Abubakar a wajen alƙali, Garba a takardar haraji, Habu a bakin ’yan'uwa. Haka Usman da Shehu, Abdullahi da Audu, Muhammadu da Mamman. Ga sunan rana da laƙabi, Ɗanladi da Tanko da Ɗan'asabe, waɗanda sukan danne na yanka har a manta shi. Bature kuma yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, shi ya sa za ka ga Katsena da Hadeija, in dangin sun tsallaka Damagaram ko Maraɗi ka tarar da Ousmane da Aboubacar. Ƙa'idata ita ce ba na karɓar mutum sai abu uku sun dace: sunansa da na ubansa, gari ko unguwa, da zamani. Wanda ya fara da niyyar lallai sai ya jingina gidansu da wani sarki ko wani shehi, shi ne ya fi faɗawa wannan rami, ya bar wa jikokinsa ƙarya a rubuce. In binciken ya kai ka ga maƙera ko majema ko rinji, rubuta abin da ka samu, sannan ka yi shawara da manyan gida kafin ka watsa.

Takardar shaidar mutuwa ma kada ka ɓata lokaci a kanta in mamacin ya daɗe. Muna binnewa a ranar, kabari ba rubutu, dokar rajistar haihuwa da mutuwa da ake aiki da ita yanzu kuwa ta 1992 ce. Nemi takardar rabon gado ta kotun alƙali, wadda ke jera magada da rabon kowa, sau da yawa da Larabci ko ajami, don haka ka tafi da malamin da ya iya karanta tsohon hannu. Amma magada kaɗai take ambata. Matar da aka saka ta gama idda ba ta ciki, ɗan riƙo ba ya ciki, jikan da ubansa ya riga kakan rasuwa alhali akwai baffanni maza shi ma ba ya ciki. Rashin suna a nan ba hujja ba ce cewa ba a yi mutumin ba.

Shekaru kuwa, ranar 1 ga Janairu da ke jikin takardar rantsuwa ƙiyasi ne. Ka ɗaure labari da abin da kowa ya sani: shigowar Nasara Kano a 1903, yunwar Kakalaba wajen 1914, annobar mura ta 1918, rasuwar Sarkin Katsina Dikko a 1944, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, kisan Sardauna a 1966. In ka ga shekarar Hijira kada ka ƙara mata 579 kamar yadda ake yi wa na yanzu, don ta fi ta Miladiyya gajarta da kwana kusan 11. Ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1321 za ta ba ka 1903, alhali ƙarin 579 zai jefa ka 1900.

Sauran ƙanana ne. Rubuta lambar fayil a kan kowane hoto da ka ɗauka. Yi aiki da fensir kusa da tsohuwar takarda. Wadda ka samu a adakar gida ko cikin gafaka kada ka kai ta a manne ta da leda mai zafi, ko ka liƙe yagewarta da salatif, tawada ce za ta lalace. Ka shimfiɗa ta, ka ɗauki hoton gaba da baya a hasken rana cikin inuwa, ka sa ta tsakanin fararen takardu biyu, ka ɗaga ta sama da ƙasa saboda gara da danshin damina.