Yadda ake riƙe littafin zane a Damagaram, daga lungunan Birni zuwa ɗakin lacca

Wanda yake so hannunsa ya faɗa da zane, abu na farko da zai nema shi ne littafin da ba ya jin tausayinsa, domin littafi mai tsada yakan sa mutum ɗari-ɗari da shafin farko har wata ya shuɗe bai ja layi ko ɗaya ba. Ƙaramin littafi marar layi mai girman A5, wato kimanin santimita 15 a faɗi da 21 a tsawo, ya wadatar. Idan ba a samu a kanti ba, sai a sayi farar takarda irin ta masu buga takardu, a ninka ta biyu, a kai wa baduku ya ɗinke ta da bangon fata. Wannan takarda mai giram 80, wato awon nauyi da ke nuna kaurinta, tana ɗaukar fensir da bik, amma tawada mai ruwa takan ratsa ta har bayan shafi, saboda haka mai aiki da tawada ya nemi mai giram 120 ko fiye.

Fensir biyu sun isa, HB domin layi mai sauƙi, 2B kuma domin inuwa. Ni dai na fi son bik, saboda ba ya gogewa, kuma wanda ya san ba zai goge ba yakan daɗe yana kallo kafin ya sa hannu. A watannin zafi a shimfiɗa 'yar takarda ƙarƙashin hannu don kada gumi ya ɓata shafi, da hunturu kuma a ajiye littafin cikin leda saboda ƙura.

Ya kamata a fara da abin da ba ya motsi, kuma a nan Damagaram ta yi wa mai koyo gata. Gidajen ƙasa na Birni da Zango, da zankwayensu da adon da magina suka fitar a jikin bango, za su tsaya maka duk tsawon lokacin da kake so, haka ma manyan duwatsun da gari ya zauna a tsakaninsu. A fita da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana take zuwa ta gefe, inuwa tana fito da kowane tudu da kwari na adon. Da tsakar rana bangon yakan baje, ido ya rasa abin kamawa. Ka miƙe hannu da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka auna tsawon ƙofar zaure da babban yatsa, sannan ka duba sau nawa wannan awo ya shiga faɗin bangon. Ka zana babban fasalin tukuna, adon ya zo daga baya. Kuskuren da kusan kowa yake yi, har da ni a farkon lamari, shi ne farawa da ƙulle-ƙullen ado saboda sun fi daɗin zanawa, sai a tarar takarda ta ƙare ba a kai ga zanko ba. Ƙofar fadar Sarkin Damagaram, wadda asalin gininta ya koma tsakiyar ƙarni na 19, tana da kyau ga wannan atisaye, amma a gaida dogarai a nemi izini kafin a zauna.

A majalisar shayi ma akwai abin yi: 'yar butar da ke kan murhun waya, da ƙananan kofuna a faranti, da hannun mai haɗawa idan ya ɗaga buta sama yana tsiyayowa don kumfa ta tashi. Ranar Alhamis a Kasuwar Dole kuwa ba wanda zai jira ka, don haka a ba kowane mutum rabin minti kawai, a ja layi ɗaya daga kai zuwa ƙafar da ta ɗauki nauyin jiki, a ɗora riga a kai, a bar fuska babu komai.

Zane a wurin lacca, ko a Jami'ar André Salifou ko a wani ɗakin taro, yana da nasa tsari, domin kunne yana aiki tare da ido. A je da wuri, a zauna a gefe cikin layi na biyu ko na uku, inda za a ga mai jawabi ta kusurwa. Kafin a buɗe taro a zana tebur da makirfo da gorar ruwa, a rubuta kwanan wata da batun da za a tattauna. Idan aka lura, kowane mai jawabi yana da tsayuwa biyu ko uku da yake komawa gare su, wani ya dafa tebur, wani ya riƙa gyara hula ko naɗe hannun riga. Sai a buɗe wa kowace tsayuwa wuri a shafin hagu, duk sa'ad da ya koma mata a ƙara layi biyu ko uku. Shafin dama na maganarsa ne, kuma da zarar ya kawo adadi ko suna ko shekara, a dakatar da zane a rubuta, domin ana iya ƙarasa hula daga baya amma adadin da ya wuce ya wuce.

Akwai mutanen da ba sa son a zana surarsu saboda dalili na addini, kuma ba a musu da su a kan haka. Dattijo ana ce masa, "Baba, ka yarda in zana hannunka da carbin nan?" Idan ya ƙi, sai a yi godiya a koma kan kayan da yake sayarwa. Ba a zana mace ba tare da yardarta ba, ba a kuma buɗe littafi kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro. Yara kuwa dole su taru a kanka, kuma 'yar takarda da guntun fensir sukan saya maka natsuwar minti goma.

Kada a yage shafin da bai yi kyau ba, domin a littafin ɗinki yage ɗaya yakan saki abokinsa na ɗaya ɓangaren. Idan littafi ya cika, a rubuta watan farawa da na gamawa a bangonsa, a sa shi cikin akwatin ƙarfe nesa da ƙasa, saboda gara.