Yadda ake tunkarar tiyatar faɗaɗa muƙamuƙin sama domin buɗe hanci

Idan hunturu ya kama a Maradi, ƙura ta turnuƙe gari, kusan kowa yana kukan toshewar hanci. Amma akwai wanda tasa toshewar ba ta san rani ko damina ba: tun yana yaro da baki yake numfashi, yana minshari, kuma kullum ya wayi gari maƙogwaronsa a bushe. A wajen wasu daga cikin irin waɗannan mutane, tushen matsalar yana cikin baki, domin ganda, wato rufin baki, ita ce kuma daɓen hanci. Idan muƙamuƙin sama ya tsuke, gandar ta yi zurfi, hanyar iska ma takan ƙuntata.

Abu na farko shi ne a tabbatar cewa tsukewar ce sanadi, kuma a nan nake roƙon a yi haƙuri sosai. A tsaya gaban madubi a haɗe haƙora. A ƙa'ida turamen sama ne ke ɗan rufe na ƙasa ta waje. Idan na sama suka faɗa ciki, haƙoran gaba kuma suka cunkushe suna hawan juna, wannan alama ce. Sai a je wurin likitan hanci da kunne da maƙogwaro kafin likitan haƙori, domin karkacewar guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci, da kumburin naman cikin hanci, da rashin jituwa da ƙura, duk suna toshe hanci, kuma faɗaɗa muƙamuƙi ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Hoton sikana ne ke nuna faɗin ƙashin. A kuma nemi likita ya ba mai ciwon ya cika takardar tambayoyi biyar da ake auna tsananin toshewa da ita, daga maki 0 zuwa 100, don a sami abin kwatantawa bayan aiki.

Shekaru suna da muhimmanci. Muƙamuƙin sama ƙasusuwa biyu ne da suka haɗu a tsakiyar ganda, kuma a wajen yaro mahaɗar ba ta gama ƙulluwa ba, saboda haka ƙarfen da ake maƙalawa a haƙora kaɗai yana iya buɗe ta. Wani likitan haƙori na Amurka, Emerson Angell, ya bayyana wannan dabara tun 1860. Bayan balaga mahaɗar takan yi ƙarfi, shi ya sa baligi yake buƙatar tiyata. Iyayen da suka ga ɗansu yana barci baki buɗe su kai shi da wuri, ko Allah ya sa ya tsira daga wuƙa.

Aikin na ƙwararren likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi ne tare da likitan daidaita haƙora, kuma yana iya kai mutum Yamai ko Kano, don haka a tambayi yawan komawar da za a yi kafin a shirya guzuri. Mai sikila, ko ciwon suga, ko hawan jini, ya faɗa tun ranar farko. Galibi ana yin allurar barci, a tsaga ƙashin ta cikin baki a gefe biyu da kuma tsakiya, ba tare da an taɓa fatar fuska ba.

Bayan kwana biyar zuwa bakwai ake fara amfani da ɗan makulli wajen murɗa kusar ƙarfen faɗaɗawa da aka maƙala a ganda, sau ɗaya ko biyu a rana gwargwadon umarnin likita, kowace murɗa tana buɗe kimanin rubu'in milimita. Zai fi kyau wani ɗan gida ya riƙa yi: mai jinya ya kwanta rigingine, a haska tocila, a ɗaura zaren makullin a yatsa don kada ya suɓuce a haɗiye shi, a zura shi a ramin kusar, a tura shi baya har rami na gaba ya bayyana. Cikin kwanaki wushirya za ta fito tsakanin haƙoran gaba biyu. Kada a firgita, shaida ce ƙashin ya buɗe, kuma daga baya ake rufe ta da wayar haƙori.

A daidai wannan lokaci ne mutane da yawa ke fara jin iska na shiga, domin wuri mafi ƙunci a hanci yana can gaba kusa da ƙofa, inda buɗewar ta fi yawa, kuma ɗan ƙarin faɗi a siririyar hanya yana rage wahalar jan numfashi ƙwarai. Sai dai hanci ba ya faɗaɗa daidai da haƙora, kuma sauƙin da ake samu ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Gindin hancin ma yana iya ɗan bajewa.

A makonni biyun farko ba a fyace majina, atishawa kuma da baki buɗe ake yin ta. Kumburi, da ɗan haɓo, da mutuwar leɓen sama na ɗan lokaci ba baƙon abu ba ne, amma jinin da ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi na bukatar komawa asibiti nan take. Abinci sai mai laushi, kamar kunu da fura da aka dama sosai. Kilishi, da rake, da goro su jira. A riƙa kurkure baki bayan kowane ci, a rufe hanci da takunkumi idan ana ƙura. Ƙarfen zai zauna a baki wata uku zuwa shida, har sabon ƙashi ya cike gurbin, sannan a sake cika takardar tambayoyin nan a gwada da makin farko.