Tafiyar maciji da gyaran gida a damina

'Yan'uwa na Aboabo da Asawase a Kumasi, ku lura. Maciji ba ya tafiya sai ɓawon cikinsa ya sami abin tokarawa. Shi ya sa kan tayil mai santsi sai ya yi ta mutsu-mutsu wuri ɗaya, amma bangon bulo marar filasta, ko reshen mangwaro da ya taɓa kwano, tsani ne gare shi. A sare reshen, a shafe bangon da siminti. Inda kansa ya shige, jikinsa zai bi, don haka a toshe ƙasan ƙofa, a sa raga a bakin magudanar banɗaki.

Cikin macizai, kasa ita ce abin tsoro. Miƙe take jan ciki a hankali, kuma ba ta gudu in ta ji taku, lafewa take cikin ganye. Don Allah kada yaro ya fita da dare ba tocila da takalmi.