Kada ku cusa lambobi a gurbi ɗaya, ku gina tebur na uku

'Yan uwa masu harkar rumbun bayanai, ga wata shawara.

In ɗalibi ɗaya yana ɗaukar kwasa-kwasai da yawa, kowane kwas kuma yana da ɗalibai da yawa, ku ƙirƙiri tebur na uku a tsakanin teburin ɗalibai da teburin kwasa-kwasai. Ku kira shi rajista. Ginshiƙai biyu sun isa a fara: dalibi_id da kwas_id, kowanne FOREIGN KEY ne, wato ginshiƙin da ke nuni zuwa lambar da ke akwai a teburinsa.

Rubuta lambobin kwasa-kwasan ɗalibi, kamar "3,12,21", a gurbi ɗaya yana da daɗi a ranar farko. Ranar da kuka nemi kwas na 1 da LIKE '%1%', wato neman duk rubutun da ke ɗauke da 1, sai 12 da 21 su biyo ku. Rumbun ma ba zai hana ku saka kwas ɗin da babu shi ba.

Ku haɗa ginshiƙan biyu su zama PRIMARY KEY, wato mabuɗin da ke bambanta kowane layi, don kada a yi wa ɗalibi rajista sau biyu a kwas guda. Maki da ranar rajista ma wannan teburin ne gidansu.

Abin da aka fi mantawa: mabuɗin da ya fara da dalibi_id yana saurin nemo kwasa-kwasan ɗalibi, amma neman ɗaliban kwas sai ya yi jan ƙafa. Ku ƙara INDEX, wato jerin da ke hanzarta nema, a kan kwas_id. Rumbun MySQL mai amfani da injin ajiya na InnoDB yana yi da kansa, na PostgreSQL kuwa sai kun saka da hannu.

Inda dabarar take cijewa: ɗalibin da ya faɗi ya dawo maimaita kwas. Mabuɗin zai ƙi karɓarsa. Sai ku ƙara zangon karatu a cikin mabuɗin.

Ku kuma yi hattara da ON DELETE CASCADE, wato umarnin da ke goge duk layukan da ke nuni zuwa abin da aka goge: goge kwas ɗaya zai tafi da makin duk ɗalibansa.