Digirin digirgir: kurakuran da ake tafkawa tun a zangon farko

Idan ka zauna wajen mai shayi a Samaru, unguwar Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da yamma, da wuya ka tashi ba ka ji wani ɗalibin digirin digirgir yana kuka ba. Shekara biyar ke nan, in ji shi, har yau yana babi na uku. In ka bi diddigin maganar a hankali, sau da yawa za ka tarar matsalar ba a babi na ukun ta fara ba. Ta fara ne a makonnin farko, ranar da ya cike takardar kwasa-kwasai a tsaye, da ranar da ya ce "to" a kan sunayen malaman da za su duba aikinsa ba tare da ya tambayi kowa komai ba.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar kwas kamar yadda aka saba a digirin farko: a tambayi na gaba wanne ne mai sauƙi, wane malami ne ba ya ƙwauron maki, a cike a wuce. A wannan mataki makin ba shi ne abin nema ba. Kowane kwas na zaɓi kayan aiki ne da za ka riƙe a hannu ranar da ka shiga bincike. Gyaran kuwa ba wuya: kafin ka taɓa takardar rajista, rubuta tambayar bincikenka a layi uku, ko da ba ta gama nuna ba, sannan ka tambayi kanka me za ka buƙaci iyawa don ka amsa ta. In lissafin ƙididdiga ne, ka ɗauki kwas ɗinsa da gaske, ka zauna gaban kwamfuta ka koyi manhajar nazarin ƙididdiga irin SPSS ko R da hannunka. Na sha ganin wanda ya guje wa wannan kwas, bayan shekara uku ya kai bayanansa shagon wani ya biya aka yi masa nazari. Ranar semina wani dakta ya nuna jadawali ɗaya ya ce, "Malam, me ya sa ka zaɓi wannan gwajin?" Sai gumi. Ya juya takarda gaba, ya juya baya, ɗakin ya yi tsit.

Akwai kuma rashin duba kalanda. Ba kowane kwas ake koyarwa a kowane zango ba, wani sau ɗaya ne a shekara, in ya wuce ka sai baɗi. Masu binciken noma su suka fi sanin zafin wannan. Damina a Zariya daga wajen Mayu take zuwa Oktoba, kuma ba ta jiran sa hannun kowa. Wani abokina ya cika zangonsa da kwasa-kwasai, ya bar kare daftarin bincikensa sai Agusta. Lokacin da aka amince masa, masarar mutane ta riga ta fitar da goyo. Filin gwajin da aka ware masa haka ya kwana da ciyawa har wata daminar. Mai binciken lafiya shi ma yana da nasa jiran, don ba zai taɓa majiyyaci ko ɗaya ba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba shi izini a rubuce. Mai tarihi kuwa ya sa kuɗin mota da kwanakin zama a Kaduna cikin lissafinsa, domin cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa duk a can suke. Sannan kowa ya bar sarari a tsarinsa: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya kama daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur.

Amma inda aka fi yin asara shi ne wajen kwamiti.

Mu nan mun saba da kwamitin masu duba aiki, shugaba da mambobinsa, sai seminar kare daftari, sai mai jarrabawa na waje a ƙarshe. Wanda ya samu tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko wani gurbi ya tafi Amurka zai tarar da wani mataki na daban. A can galibi ana shafe kusan shekara biyu ana kwasa-kwasai, sannan a zauna jarrabawar cancanta, a rubuce ko da baki ko duka biyu, gaban malamai uku zuwa biyar, kuma jami'o'i da dama na sharɗanta ɗaya ya fito daga wani sashe. Sai ka haye ake ɗaukarka cikakken mai neman digirin. A can ɗalibi da malaminsa ne ke zuwa su roƙi mambobin ɗaya bayan ɗaya. A nan sashe ne ke naɗawa, shi ya sa da yawa ke ɗauka ba su da ta cewa. Suna da ita. Ɗalibin da ya je wa mai kula da karatun gaba da digiri na sashensu da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, aikina zai taɓo ƙididdiga sosai, ko za a sa mini wanda ya ƙware a nan?" bai yi rashin kunya ba.

Yawancinmu suna muke bi. A ce farfesa wane ne shugaban kwamitinka, ka faɗa a gida a yi murna. To amma farfesan nan yana da ɗalibai nawa a hannunsa? Yana riƙe da muƙami? Hutun shekara na ƙaro ilimi yana gabansa? Shekara nawa ya rage masa? Dokar 2012 ta sa ritayar farfesa a shekara 70, sauran malaman jami'a kuwa a 65 suke ritaya, don haka wannan lissafi ne da kowa zai iya yi. A ganina, babban malamin da zai karanta babinka cikin mako uku ya cika shi da jan biro ya fi maka shahararren da za ka yi wata huɗu kana zaman benci a ƙofar ofishinsa. In an samu duka biyun a kwamiti ɗaya, madalla. Hanyar sani ita ce ɗalibansa na da. Kada ka tambaye su ko yana da kirki, kowa zai ce eh. Tambaye su kwana nawa babi ke yi a wurinsa.

Wani ramin shi ne haɗa mutum biyu da ba sa ga maciji. Wannan ya ce a cire, wancan ya ce a mayar, kai kana tsakiya kana buga takarda a unguwar Kongo ta Zariya da kuɗin cefane. In ka tsinci kanka a nan, kada ka zama ɗan aike mai kai "Malam wane ya ce". Ka rubuta gyaran kowa a takarda ɗaya, ka kai wa shugaban kwamiti, shi ya yanke. Haka nan kada ka tara abokan shugaban zalla don a tafi lami lafiya. Tambayar da suka ƙi yi maka cikin gida, baƙo zai yi ta ranar kare kundi.

Sai ɓacewa. Ana naɗa kwamiti, ɗalibi ya manne wa shugaba, sauran mambobi ba su ƙara ganinsa ba sai da kundi mai shafi ɗari uku, saura kwana biyar semina, yana cewa a taimaka a sa hannu. Mutum ba ya kare aikin da bai san lokacin da aka yi shi ba. Ka ziyarci kowane mamba tun farko da shafi biyu kacal, ka tambaye shi littattafai ko maƙaloli biyar da yake ganin dole ka sani. A tsarin Amurka daga irin wannan jerin ake yawan ciro tambayoyin jarrabawar, a namu kuma daga nan tambayoyin semina ke fitowa.

Bayan kowace ganawa, kafin dare, tura gajeren saƙon imel: "Malam, na gode da lokacinka. Abin da na fahimta mun tsaya a kai shi ne kaza da kaza, zan kawo gyaran ranar kaza." Ka ajiye kwafi. Haka ma takardar amincewa da taken bincike da sunayen kwamiti: ka bi sawunta daga sashe zuwa tsangaya har makarantar karatun gaba da digiri, ka ga tambarin da idonka, ka ɗauki hotonta a waya kafin ka bar ofishin.